Muhawara: Wa Ya Bar Mutanen Maraɗi Ba Lauya?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na faɗi abin da ke ci mini rai, mai jin haushi ya ji. Tun farkon 2015 dokar aikin lauya mai lamba 05 ta 2014 ta UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, ke aiki, kuma sashe na 5 ya ba lauya ikon tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, a komisariya ne, wajen jandarma ne, ko gaban mai gabatar da ƙara. To a kama mutum a Ɗan Isa ko Gidan Rumji da la'asar. Tsarewar farko awa 48 ce. Yawancin lauyoyi kuwa suna Yamai, sama da kilomita 600 daga nan. Kafin dangi su samo lambar waya, a daidaita kan kuɗi, a aika na mota da na masauki, lauya ya wuni a hanya, an riga an rubuta bayanin mutum, ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba. Me ya hana batoniye, wato shugaban ƙungiyar lauyoyi, da majalisarsa su tsara lauyoyin jiran aiki a kowace jiha, wannan mako wane, mako mai zuwa wane? Sun bar talaka a hannun 'yan ƙofar kotu, lauyoyin kuma sun koma dillalai, inda la'ada ta fi tsoka can suke.

Metir Hadiza (lauya): Wa alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar dillalai. Lauya bai da izinin bin mutane yana neman su ba shi shari'a, haramun ne a dokar sana'ar. Haka kuma an hana shi ƙulla cewa ladansa duka ya dogara ga sakamako, wato in an ci a raba, in an faɗi ba komai. Abin da aka yarda shi ne a yanka kuɗin aiki tun farko, bisa wuyar shari'ar da lokacin da za ta ci, sannan in an so a ƙara wani abu kan sakamako. Ina la'ada a nan?

Alhaji Na Babbar Kasuwa: Tsaya Hajiya. Wato dillali zagi ne? A Maraɗi za a faɗi haka? Dillali shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya san mai saye ya san mai sayarwa. In saniya ta fito ta sata, shi ake fara kamawa, don shi ya tsaya mata. La'adarsa kowa ya san ta kafin a ce albarka. Garin nan da dillalai ya kai inda ya kai.

Metir Hadiza: Alhaji, ban raina sana'ar kowa ba. Amma ka faɗi bambancin da bakinka. Dillali na tsakanin mutum biyu, yana son su daidaita. Lauya na ɓangare ɗaya ne kawai. In ya taɓa jin sirrin wani kan wata rigima, bai da damar karɓar abokin gabarsa a rigimar nan, ko nawa aka zuba masa. Wanda ya yi haka majalisar ladabtarwa ce ke jiransa: gargaɗi, tsawatarwa, dakatarwa, in abin ya yi muni a share sunansa daga jerin lauyoyi.

Ɗan Bagalam: Ni maganar jiran aiki na kawo.

Baban Nafisa: Dillalan gaske suna nan, amma ba su da baƙar riga. Ga yadda suke yi. Mutum na zaune a inuwa kusa da kotu, ya hango ƙauyawa riƙe da takardar sammaci. Ya tare su, ya karanta musu ita, ya ƙara mata gishiri har hankalinsu ya tashi. Daga nan ya ce ya san alƙali, ko yana da lauya a Yamai. Ya karɓi kuɗi kashi-kashi: na buɗe dosiye, na tambur, na waya. Ba rasit ko ɗaya. Ranar zama ba wanda ya zo, a yanke hukunci, kwanakin ɗaukaka ƙara su wuce suna jiransa. Kariya uku ce: a tambayi cikakken sunan lauyan a duba ko yana cikin jerin ƙungiyar lauyoyi, a yi magana da shi kai tsaye ko ta waya ce, kuma kada dala ta fita ba takarda mai hatimin ofishinsa.

Alhaji Na Babbar Kasuwa: Wannan ba dillali ba ne, ɗan damfara ne. Ku daina haɗa mu da su.

Ƙaramin Lauya: Ni kalmar ba ta dame ni ba, don in ana neman mai cin la'ada a duba cikin ofisoshi. Yaro ya gama digiri na biyu a fannin shari'a, a jami'ar Abdu Mumuni ko ta Tawa, ya ci jarabawar CAPA ta shiga aikin lauya, ya yi rantsuwa. Sai koyon aiki na shekara 3 ƙarƙashin lauyan da ya kai aƙalla shekara 7 da rantsuwa. Irin waɗannan manya ina suke? Yamai. Shekara ukun nan shi ke rubuta bayanan kariya, shi ke zaman jiran a kira ƙara, shi ake turowa Maraɗi ko Tasawa ya roƙi ɗage zama. Kafin ya gama ya yi aure a can, ya san magatakardan can, 'yan abokan hulɗar da ya samu na can ne. Da me zai dawo gida? Kuma ba a zama batoniye sai an shekara 15 cikin jeri, majalisa kuma sai 7. Waɗanda abin ya fi ƙona ba su da kujera a inda ake yanke shawara.

Metir Isufu: Ƙanena, sassauta. Shekarun nan ba mu muka ƙaga su ba, dokar ƙasashe 8 na UEMOA ce. Kuma da dalili: batoniye shi ke sasanta lauya da lauya, shi ke tunkarar shugabannin kotu in an taka haƙƙin mai kariya, shi ke karɓar koke kan abokan aikinsa. Wanda bai ga jiya ba ba zai iya wannan ba. Wa'adinsa ma shekara 3 ne ba sabuntawa, kuma ana zaɓen magajinsa tun saura shekara guda don ya koyi aikin. Abin da mai tambaya bai gane ba shi ne batoniye ba minista ba ne. Alƙali ma'aikacin gwamnati ne, takarda ɗaya ta isa a kai shi Dakoro. Lauya mai zaman kansa ne. Shi ke biyan hayar ofis, albashin sakatare, haraji, kuɗin ƙungiya da inshorar kuskuren aiki. Ba mai ikon ce masa tashi ka koma wuri kaza. Manyan masu biya kuwa, bankuna da kamfanonin waya da na inshora, hedikwatarsu na Yamai.

Ƙaramin Lauya: Ranka ya daɗe, “wanda bai ga jiya ba” ita ce amsar da ake ba mu kullum.

Metir Isufu: Ka fara koyon yadda ake magana da na gaba. Yana cikin ladabin sana'ar.

Maman Sadiya: Metir, bai zage ka ba. Da zarar yaro ya kawo hujja sai a ce ba shi da kunya. Ni dai na ji ana cewa akwai lauyoyin da in kotu ta ba mutum diyya, sai sun cire rabi kafin su miƙa.

Metir Hadiza: Wa ya ce? Wane lauya, wace shari'a? Kuɗin da aka ci wa mutum ba aljihun lauya suke shiga ba. Akwai asusu na musamman, CARPA, can ake zuba su da sunan shari'ar, daga can suke fita. In kuma ana gardama kan ladan aiki, hanyar a buɗe take: a rubuta wa batoniye, a haɗa da yarjejeniya da rasit. Yana da wata 2 ya yanke. In ba a gamsu ba, cikin wata guda a kai gaban shugaban kotun ɗaukaka ƙara. Inda ake faɗuwa shi ne yawanci da baki aka yi cinikin, ba abin nunawa.

Maman Sadiya: Matar Mayahi da ba ta yi boko ba ita za ta rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa Yamai? Kin dawo da mu kan maganar Ɗan Bagalam ba ki sani ba.

Baban Nafisa: Ai don irinta aka kafa ANAJJ a 2011, hukumar taimakon shari'a, tana da ofis a manyan kotuna. Inda ba lauya ana naɗa mai kariya wanda ba lauya ba ne.

Ƙaramin Lauya: Mutum na fuskantar ɗaurin shekaru masu yawa, a ba shi wanda bai san yadda ake neman soke takardar bincike ba in an wuce wa'adin tsarewa? Kyakkyawar niyya ba ta gano irin wannan kuskuren.

Baban Nafisa: Kada ka raina su. Da ba su, mutane da dama su kaɗai za su tsaya gaban alƙali. Ku da kuka iya kuna ina?

Alhaji Na Babbar Kasuwa: Har yanzu ba wanda ya ba dillalai haƙuri.

Metir Isufu: Bari in taƙaita, dare ya yi. Abin da ya fito fili shi ne an kira lauyoyi da sunan da bai dace ba, kuma Metir Hadiza ta rushe shi da doka. An yi zargin cin kuɗi ba hujja ko ɗaya. An kuma fahimci shugabanni ba su da laifi, tunda doka ba ta ba su ikon tura kowa ko'ina ba. Matsalar ta 'yan damfara ce da rashin sanin jama'a. Sauran kuwa zafin ƙuruciya ne, lokaci zai gyara shi.

Maman Sadiya: Wa ya fahimci haka? Kai kaɗai ka faɗa, Metir.

Ɗan Bagalam: Ban ce a tilasta wa kowa ya tare a Maraɗi ba. Doka ta yarda lauya ya buɗe ƙaramin ofis a wani gari. Majalisa na iya rage kuɗin ƙungiya ga wanda ya buɗe a nan, ta yarda mai koyon aiki ya yi wani ɓangare na shekarunsa a cikinsa, ta manna lambar mai jiran aiki a kowace komisariya. Wanne daga ciki ya fi ƙarfin batoniye?

Metir Hadiza: Ka janye kalmar tukuna, sai mu yi wannan maganar.

Alhaji Na Babbar Kasuwa: In ya janye ta don wai zagi ce, to da ni zai yi.