Diyya ce ko ba diyya ba ce? Taƙaddama kan ƙodar surukin Baban Ilham

Baban Ilham (Chicago): Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Surukina, mahaifin uwargida, Bahaushen Zangon Kumasi ne. Shekara 26 ya yi a garejin gyaran kan jirgin ƙasa a garin nan, aikinsa wanke ƙarafunan inji da wani ruwa mai yanke maiƙo, sau da yawa ko safar hannu babu, ga hayaƙin dizal ya turnuƙe rumfar tun safe har dare. Bara aka gano ciwon daji a ƙodarsa ta dama, aka cire ta. Yanzu lauyoyin kamfanin wai sigari ce ta jawo. Mutumin da ya bar sigari tun kafin in fara zuwa zance wajen 'yarsa! Ni dai na faɗa kuma ina nanatawa, dole su biya shi diyya. Tun 1908 Amurka ke da doka ta musamman ta ma'aikatan jirgin ƙasa, FELA. Duk duniya babu inda ake kare haƙƙin lebura kamar nan. Mai ja ya fito.

Maman 'Yan Biyu: Subhanallahi. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce.

Malam Na Tudun Wada: Amin. Sai dai Baban Ilham, gyara bakinka. Diyya ba kalmar da ake wasa da ita ba ce. Tana da haddi a shari'a: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma sai an kashe rai ko an ɓata gaɓa. Wa ya kashe surukinka? Wa ya sare shi? Ciwo daga Allah yake. Ka ce kuɗin sallama, ka ce ihsani, amma ban da diyya.

Ɗan Sabon Gari: Allah gafarta Malam, da aka rushe wa mutane gidaje don faɗaɗa titi, me aka ce an biya su a labaran rediyo? Diyya. Ko gonar da aka karɓe don gina makaranta, diyya ake cewa.

Malam Na Tudun Wada: Kuskuren 'yan jarida ba ya zama hujja, ɗana.

Ɗan Sabon Gari: Kakata ma haka take faɗa, kuma ba ta taɓa aikin jarida ba.

Barista Ƙarama (Kaduna): Ni ba "diyya" ce ta tsaya mini a rai ba, "dole" ce. Yaya Baban Ilham, babu dole a FELA. Sauran ma'aikata a Amurka, in aiki ya ji musu ciwo, akwai tsarin inshora da ke biyan su ba tare da an tambayi laifin waye ba. Ma'aikatan jirgin ƙasa ba sa cikin wannan tsarin. Su sai sun shigar da ƙara, sun tabbatar kamfani ya yi sakaci: bai ba da kayan kariya ba, ko bai fitar da hayaƙi daga rumfa ba, ko ya san ruwan nan guba ne ya yi shiru. Sassaucin da ke ciki shi ne Kotun Ƙolin Amurka ta ce, a shari'ar Rogers ta 1957, ko da sakacin kamfani ɗan ƙanƙanin kaso ne cikin abin da ya jawo cutar, ya wadatar. Ta sake tabbatar da haka a 2011 a shari'ar McBride. Ke nan ko an yarda sigari ta taka rawa, ƙarar ba ta mutu ba, sai dai a rage kuɗin gwargwadon laifin da aka ɗora masa. In ya yi nasara kuwa, lissafin ya haɗa da albashin da ya rasa, kuɗin asibiti, da azabar da ya sha. Amma wa'adi shekara 3 ne daga lokacin da ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa ciwon na da alaƙa da aikinsa. A wane wata aka gano shi?

Sarkin Barkwanci: Barista, wannan ai sai da shayi.

Sista Ta Maraɗi: Ku bar ta, gaskiya ta faɗa. Kuma sunan ruwan nan shi ne kan magana. In TCE ne, wanda aka daɗe ana wanke maiƙon ƙarfe da shi, to a 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sa shi cikin abubuwan da tabbas suna jawo sankara ga mutum, kuma ta ƙoda ce aka ambata. A Disamba 2024 ma hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar hana amfani da shi. Hayaƙin dizal shi ma a 2012 aka sa shi a wannan sahu, amma shi hujjarsa a kan huhu take. Kuma kada ka raina maganar lauyoyin can, sigari da ƙiba da hawan jini duk suna ƙara haɗarin sankarar ƙoda. Ku nemo tsofaffin abokan aikinsa da suka san abin da ke rubuce a jikin duron.

Ɗan Sabon Gari: Sista, daji ake cewa. Sankara ai a kan fata take fitowa.

Sista Ta Maraɗi: Shekara nawa ka yi a asibiti?

Sarkin Barkwanci: Ku ce kansa kowa ya huta.

Alaramma Ƙarami: Mu koma kan maganar Malam, tare da girmamawa. Ai gaɓar da take biyu a jiki, kamar ido da hannu, kowace ɗaya rabin diyya ce. Ƙoda biyu ce. An cire ɗaya. In sakacinsu ne ya jawo, ga rabin diyya nan, raƙuma 50. Kuma ba sai an yi niyya ba, kisan kuskure ma ai da diyyarsa.

Malam Na Tudun Wada: Likita ne ya cire ƙodar ko kamfani? To a kama likitan mana.

Alaramma Ƙarami: Wanda ya haƙa rami a kan hanya fa, Malam, wani ya faɗa ya karye?

Malam Na Tudun Wada: Tun kana ɗaukar allo nake karantar da babin nan.

Sarkin Barkwanci: Wani ya leƙa kasuwar Mai'adua ya jiyo mana kuɗin raƙumi. Baban Ilham, akwai wurin ɗaure 50 a bayan gidanka?

Baban Ilham (Chicago): Ban zo nan don a yi mini dariya ba.

Jikan Direba: Ni abin da ya ƙona mini rai shi ne "duk duniya babu kamar nan". Ku mutanen waje kullum haka kuke. Kakana ya ja kan jirgi tun ana zuba masa gawayin Inugu, daga Zariya zuwa Kano, tari ne ajalinsa, ba mu taɓa tunanin kai kowa kotu ba. Mun ce Allah ya jiƙansa, shi ke nan.

Barista Ƙarama (Kaduna): A nan ma akwai doka tun 2010. Mai ɗaukar ma'aikata yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, NSITF, kuma ba sai ma'aikaci ya tabbatar da laifin kowa ba. A takarda ma ta fi FELA sauƙi. Yaya, har yanzu ba ka faɗi watan ba.

Baban Ilham (Chicago): A takarda! Ki nuna mini mutum ɗaya da ya karɓa.

Jikan Direba: Kai ka nuna mana surukinka ya karɓa tukuna.

Maman 'Yan Biyu: Barista, in Allah ya yi masa rasuwa kafin a gama shari'ar fa, ba fata nake ba?

Barista Ƙarama (Kaduna): Ƙarar ba ta faɗuwa, Anti. Dokar ta ce amfanin na matarsa da 'ya'yansa ne.

Malam Na Tudun Wada: A'a! Diyya gado ce, rabon gado ake yi mata. Mata tumuni, namiji rabon mata biyu, in iyayensa na raye a Kumasi kowannensu na da sudusi. Dokar Nasara ba ta isa ta canza wannan ba.

Ɗan Sabon Gari: Allah gafarta Malam, ashe dai diyyar ce?

Malam Na Tudun Wada: Rashin kunya ba ilimi ba ne.

Jikan Direba: Yanzu na gane inda aka dosa. Uwargida na da kaso. Shi ya sa wani ya fi mai ciwon jin zafi.

Baban Ilham (Chicago): Mutum na raye, jiya ma tare muka yi sallar Isha, kuna raba gadonsa? Kai kuma Jikan Direba, ban taɓa cin ko sisin surukina ba, ni nake kai shi asibiti duk wata. Allah ya isa tsakanina da kai.

Maman 'Yan Biyu: Haba Baban Ilham, janye. Kai ma Jikan Direba ba ka kyauta ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa. Ga abin da aka cim ma. Malaminmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya warware mana cewa kuɗin da kotun Amurka ke bayarwa ba diyya ba ne, kuma ban ga wanda ya kawo hujjar da ta ture wannan ba. Yaran da suka yi masa gardama su je su nemi afuwa. Barista da Sista sun kawo dogayen bayanai na Turawa, mai lokaci ya koma sama ya karanta. Maganar cewa babu ƙasar da ta kai Amurka, wannan zaure bai amince da ita ba, mu ma muna da tamu dokar. Baban Ilham ya janye Allah ya isa kafin gobe ko in cire shi. Na rufe turo saƙo sai bayan Asuba, kuma mutum 4 ba su biya kuɗin adashen watan nan ba, sun san kansu.