Darekta huɗu na gani, biro na nan yadda na iske shi

Ɗan Lazare: Salamu alaikum jama'a. Shekara 9 ke nan ina aiki wani sarwis nan Yamai, darekta huɗu na gani, kowane in ya zo sai ya tara mu ya ce daga yau an daina latti, dosiye ba ta kwana kan tebur, na ukun har rajista ya aje bakin ƙofa kowa shi sa hannu da safe. Wata biyu rajistar ta koma matashin tiren shayin planto. Wai mi ke kawo haka ne?

Tsohon Ma'aikaci: Ɗana, mu mun yi aiki zamanin shugaban ƙasa Kunce, daga 1974 har rasuwarshi 1987. Mutumen nan sai shi faɗo ma'aikata da sassafe ba sanarwa, wanda bai iske ba ya shiga uku. Kowa na zuwa kan lokaci, amma wallahi tsoro ne, ba hali ne ya canja ba, yana kwanta dama aka koma gidan jiya. Sannan bayan 1991 aka shiga shekarun da ake wata da watanni babu albashi, mutum ya sa hannu ya fice neman na cefane, wa zai ce mishi don mi? Albashi ya dawo daidai, ficewar ba ta bari ba.

Hajiyar Tawa: Gaskiya baba. Ni abin da na lura darekta baƙo ne, baƙo kuwa raɓa. Sakatariyar da ta shekara 20 ita ta san inda kowace takarda take, in ta ga dama parafe, wato takardun da ke jiran sa hannun darekta, ya kwana uku cikin durowa, shi ko yana jiran a ɗauke shi in gwamnati ta canja. Kuma yaron da aka ɗauka jiya ba darekta ke koya mishi aiki ba, waɗanda ya iske ne, sati guda sun gaya mishi "sannu sannu ƙane, aikin gwamnati ba ya ƙarewa".

Mushe Ada: Kun manta PAC hhh, dangi da abokai da 'yan sani. Wanda kawunshi ya kawo shi ta ƙaƙa za ka ba shi takardar gargaɗi? Kafin la'asar waya ta iso. An kafa hukumomin yaƙi da cin hanci, HALCIA 2011, COLDEFF 2023, su don bin kuɗɗi aka yi su, ba mai bin wanda ya tafi sallar azahar bai dawo ba.

Ɗan Lazare: Hajiya kin taɓo ni, don ni ma bara na faɗa ma wani sabon yaro maganar nan, sai yanzu na tuna. Darekta na biyar an ce Litinin yake kama aiki, planto har ya kakkaɓe rajistar.