Mun tara gudummawa don ajin share fage a Rigasa, da me za mu fara?

Ma'ajin Ƙungiya:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta matasan unguwa ta tara kuɗi domin taimaka wa ajin share fagen shiga firamare a wata makarantar gwamnati da ke Rigasa, Kaduna. Yara kusan 60 ne, 'yan shekara 4 zuwa 5, malama ɗaya, ɗakin kuma babu komai sai allon bango. Wasu sun ce a raba jakunkuna da yunifom, wasu sun ce benci. Masana, ina mafita?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri. Kafin ku kashe ko sisi, ku kai takarda ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Igabi, tunda Rigasa a ƙarƙashinta take, sannan ku zauna da hedimasta da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar. Duk abin da kuka kawo a shigar da shi littafin kaya, mutum biyu su sa hannu. In ba haka ba, ranar da aka canza wa hedimasta wurin aiki babu mai sanin inda kaya suka yi.

Ku fara duba rufi, tagogi da ƙofa. Kwano mai yoyo, damina ɗaya ta ishe shi ya ruɓar da duk takardun da kuka saya.

Amma babbar damuwar ita ce yara 60 a hannun mace ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa malami ɗaya ta tanada ga yara 25 a wannan mataki. Ku nemo mataimakiya daga cikin unguwar, ku ware alawus ɗinta na zango uku cif tun yanzu, kada a taɓa. Ayyuka irin wannan galibi nan suke mutuwa: an yi bikin raba kaya, wata na uku babu abin biyan mai kula da yara.

Malamar Nazare:
Baba Hedimasta ya gama magana kan tsari. Ni kayan aji zan taɓa. Ku bar batun benci tukuna. Yaro ɗan shekara 4 ƙafarsa ba ta kaiwa ƙasa a bencin firamare, kuma benci yana cinye filin wasa da waƙa. Manyan tabarmin roba 8 sun wadatar, kowace ta ɗauki yara 7 ko 8, a zauna rukuni-rukuni.

Kowane yaro a ba shi ƙaramin allo da alli. Bango kuma a shafa masa baƙin fentin allo daga ƙasa zuwa kimanin mita ɗaya, zagaye da ɗakin, su yi ta zane a tsaye. Littafin rubutu da fensir ba yanzu ba, hannunsu bai nuna ba.

Littattafan labari masu manyan hotuna, da Hausa. Shafin intanet na African Storybook yana da labaran Hausa kyauta. A zaɓi kamar 15, a buga kowane kwafi 8, a lulluɓe bangon da leda mai kauri. Kayan koyon ƙidaya ba sai an saya ba: murafen robar lemo da tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma. Ban da ƙwallon dabino da wake, yara kan cusa su a hanci ko kunne.

Akwatin ƙarfe mai kwaɗo dole ne, maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna za su ƙera muku. A ɗora shi kan bulo saboda gara da danshi. Makullin kuwa ya zauna hannun malamar aji. Idan ya koma ofis, littattafan za su shekara sababbi fil, babu yaron da ya taɓa su, don ana tsoron kada su yage. Ku gaya wa malamar da bakinku cewa yagewa ba laifi ba ne.

Sai bokiti mai famfo 2, sabulu, randar ruwan sha mai murfi da kofi 4.

Ma'ajin Ƙungiya:
Mun gode ƙwarai. To yunifom fa? Kuma cikin kuɗin akwai na zakka da wani Alhaji ya bayar.

Malam na Tudun Wada:
Ɗan'uwa, ku ware na zakka daban tun a lissafi. Mutanen da ake ba zakka kashi takwas ne, kamar yadda ya zo a Suratut Tauba aya ta 60, kuma jumhurun malamai ba su yarda a yi gyaran gini da ita ba. Sadaka ta tafi rufi da tabarmi. Zakkar a miƙa ta ga iyaye mabuƙata da masu riƙon marayu, su yi wa yaran yunifom da takalma. Mai unguwa da limami sun san gidajen, a kai musu a asirce, ba a gaban aji ba.