Zauren Matan Zumunta: me mai jego za ta iya gasa wa baƙinmu?

Mai Jego: Salama iyayena da yayyena. Na gode da zuwa barka, Ubangiji ya saka. Yau kwanana 19 da sauka, ni da yarinya muna lafiya. Maigida ya dawo daga sujada ya ce iyalan nan da ruwa ya kora har yanzu suna azuzuwan makarantar coci, kuma ranar Asabar za a kai musu kaya. Kun san ni ce mai kek a rukuninmu, to zaman nan ya dame ni, kowa na hidima ni ina kwance. Me zan gasa da ba zai ci mini ƙarfi ba, ya kuma ishi yara kamar 40? Obin ɗina na lantarki ne, ga halin da wuta take ciki.

Anti Nas: Kwana 19? Ki kwanta.

Mai Cincin: Barka dai, barka da arziki. Gireba za ki yi. Ba ƙwai, ba yis, ba jiran tashi.

Amarya: Ni na ce kek ɗin gwangwani. Yara sun fi murna da shi.

Mai Cincin: Ƙwai nawa za ta fasa wa yara 40? Kin leƙa kasuwar Jimeta kwanan nan kuwa?

Amarya: Ai ba ita kaɗai za ta saya ba, Adda.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanwata, bari in ba ki labarin abin da ya same ni, in kin ji sai ki yanke shawara. Lokacin da na haifi 'yan biyu aiki aka yi mini. Sati 3 da fitowata aka ce za a kai ziyara wurin waɗanda suka rasa muhalli, ni kuma na ɗaga waya na ce a bar mini mit-fai 150. Ba wanda ya roƙe ni. Zuciyata ce ta ƙi zama, kamar yadda taki take yi yanzu.

Na fara da la'asar ɗin Juma'a. Murza bota cikin fulawa mudu 5 a tsaye, a sunkuye kan babbar roba. Tun a nan na ji wurin ɗinkin yana ja, na ce zai wuce. Da magariba hadari ya haɗo, sai na shigo da murhun gawayi cikin kicin na rufe ƙofa da taga saboda feshi. Hassan yana bayana, Usaina na kan tabarma a bakin ƙofa. Wajen ƙarfe 10 kaina ya fara sarawa, ƙafafuna suka yi sanyi, na ga bango yana juyawa. Da surukata ba ta turo ƙofa neman ashana ba, ban san yadda daren nan zai ƙare ba. Ita ta kwance yaron daga bayana ta fitar da mu tsakar gida cikin yayyafi.

Ko da haka ban haƙura ba. Da asuba na ƙarasa, na zuba su da zafinsu a manyan leda na ɗaure. Motar ba ta tashi ba sai bayan azahar. Kun san zafin Yola. Da aka buɗe ledar a can, dankali da naman ciki sun yi tsami, suna yauƙi. Yara sun riga sun yi layi, sun ga an sauke, sun ji ana cewa da nama a ciki. A gabansu aka mayar da ledar mota. Har yau in na tuna idon wata ƙaramar yarinya mai jan ɗankwali da ta biyo motar har bakin titi, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Ranar Litinin kuma ina asibiti, gefen ɗinkin ya buɗe yana ruwa, sati 2 ana wanke mini. Nono ya ragu, yara suna kuka, ni ina kuka.

Don haka in za ki yi, ki yi abin da ba nama, ba miya a ciki, ba kirim a kai. Ki bar shi ya huce sarai kafin ki rufe. Kuma wuta a waje, yarinya a ɗaki.

Matar Fasto: Kai, Maman 'Yan Biyu, ban taɓa jin wannan ba. Mun gode wa Ubangiji da ya tsare.

Anti Nas: Abin da ya same ta hayaƙin gawayi ne, irin wanda ba a gani kuma ba a jin warinsa. Yana kama jini ya hana shi ɗaukar iska, jariri kuma ya fi babba saurin galabaita. Shi ne dai na janareta da ke kashe mutane cikin barci. Ni abin da zan ce wa Mai Jego: arba'in ɗin da iyayenmu suka sa ba a banza ba ne, mu ma sati 6 muke cewa a asibiti. Kafin nan kada ki ɗaga abin da ya fi jaririyar nauyi. In kika ga jinin biƙi ya ƙaru ko ya koma ja bayan ya fara dusashewa, jikinki ne ke cewa kin yi yawa. Kuma ko kin gasa, kada ki je da ita wurin. Allurar rigakafin Penta ta farko sai sati 6, ta ƙyanda sai wata 9, wurin kuma cunkoso ne, ga damina.

Goggo: A dama mata kunun kanwa da zafinsa, ƙarfi zai dawo.

Anti Nas: Goggo, da girmanki, kunu e, kanwa a rage. Gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta wahalar da zuciyar mai jego. Mun sha ganin masu kumburin ƙafa da haki bayan haihuwa.

Goggo: Haihuwa 9 na yi da shi, ga ni.

Anti Nas: Allah ya ƙara lafiya, Goggo. Na gyaɗa dai ya fi.

Goggo: Ku 'yan boko komai sai kun rage masa daɗi.

Mai Cincin: To ga girebar kafin a manta. Fulawa kofi 4, sukari kofi 1 a niƙa shi ya yi laushi, man gyaɗa kofi 1, hodar kek ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan kaɗan. Ki haɗa da hannu kina zaune, ba a murza ta kamar burodi, da ta haɗe shi ke nan. In ta ƙi kamuwa ki ɗiga mai, kada ki yi saurin zuba ruwa. Ki dunƙula ƙanana, ki danna saman a kan riɗi. Tana yin sati 2 a roba mai murfi ba abin da ya same ta, shi ya sa ake sa ta a gara. Wannan kwaɓin zai ba ki wajen 30 in ba ki cika hannu ba, sai ki ninka.

Amarya: Da me za ta gasa tunda ba wuta?

Mai Cincin: Tukunya da yashi mana. Babbar tukunya mai kauri, yashi mai tsabta kamar tsayin yatsa 2 a ƙasa, a rufe ya yi zafi minti 15. A jera gwangwanin tumatir 3 a kife, a ɗora faranti a kai don kada gindin ya ƙone. A zuba garwashi kaɗan a kan murfi. Kada a buɗe kafin minti 20.

Maman Bebi: Ni gishiri nake sawa maimakon yashi, baya ƙura, kuma ana maimaita shi.

Mai Cincin: Yashin ma in kin wanke kin shanya baya ƙura. Gishirin ci kuma yana cin gindin tukunya.

Malama: Tunda an zo maganar tukunya, don Allah wadda gwangwanayen kek ɗina guda 12 suke wurinta tun Ista ta dawo mini da su.

Maman Bebi: Na ba wa yaronki tun watan Mayu.

Malama: 8 ya kawo.

Maman Bebi: 8 kika ba ni, Malama.

Matar Fasto: Ku yi wannan ta waya, don Allah.

Mama Michika: 'Ya'yana, na daɗe ina karantawa, jikata ce ke rubuta mini. Ni na zauna a wancan gefen layin, bari in faɗa muku yadda yake. A watan Satumba na 2014 muka fito daga Michika da kayan jikinmu. Muka tsaya Mubi, ƙarshen Oktoba ita ma ta faɗi, muka sake gudu. A harabar Katidiral ta St. Theresa nan Jimeta muka sami wurin sa haƙarƙari, mu dubbai, 'yan cocin EYN, 'yan Katolika, Musulmi, ba a tambayi kowa cocinsa ba. Bishop Stephen Mamza ya buɗe ƙofa, Allah ya saka masa.

Mata irinku suna zuwa da fanke da burodi, mun ci mun gode, yara sun yi tsalle. Amma in dare ya yi abin da mace ke tunani shi ne sabulu, da zanen da za ta canza, da audugar mata ga 'yarta budurwa da ke jin kunyar tambaya. Kuma tukunya. Na yi shekara 30 ina ciyar da gidana da baƙi, sai ga ni da kwano a hannu ina jiran a zuba mini. Ranar da wata baiwar Allah ta ba ni tukunya da garin masara mudu 2 da kuka da daddawa, na tuƙa tuwo da hannuna, na kira maƙwabciyata na ce zo mu ci, ranar na yi barci.

Sannan ku bar ɗaukar hoto. Wasu sukan miƙo maka burodi su riƙe gefe ɗaya sai an ɗauka. Mijina malamin makaranta ne, ya gwammace ya kwana da yunwa da ya tsaya a wannan layin.

Kuma abin ba na Asabar ɗaya ba ne. Mu mun samu mun kama haya, amma akwai waɗanda suka zauna har 2021, sai da cocin Katolika ta Yola ta gina gidaje 86 a Sangere-Marghi ta mayar da su can, har da masallaci aka gina wa Musulmin cikinsu. Shekara 7 ke nan. Watan farko kowa na zuwa, wata na 4 ƙafa ta ɗauke. Mai Jego, 'yata, girebarki za ta fi amfani a watan da kowa ya gaji. Ki shayar da jikata tukuna.

Matar Fasto: Mama, mun gode. Ban da ta cewa.

Maman 'Yan Biyu: Mama ta sa ni hawaye.

Sakatariya: Na rubuta: sabulu, audugar mata, tukwane, gidan sauro. Iyalai 11 ne a wurinmu, 2 daga ciki Musulmi ne maƙwabtanmu na bakin kogi, don haka duk mai kawo nama ta saya a wurin mahauta, kada wani ya ji nauyin ci. Akwai masu goyo 3, ɗaya ma satinta 5 da haihuwa.

Anti Nas: Wannan ta sati 5 a nuna mini ita ranar Asabar. Kuma kada kowa ya kai madarar gwangwani ta jarirai da sunan taimako. Ruwan wurin ba abin yarda ba ne, gudawa za ta jawo. A ciyar da uwar, ita ta ba da nono zalla har wata 6. Zuma ma kada a lasa wa yaron da bai shekara ba.

Goggo: Ita ma a dama mata kunu. Na gyaɗa, kafin a ce na ce.

Amarya: Ni wata shawara ta zo mini. Me zai hana mu kai fulawa da mai da sukari, Adda Mai Cincin ta nuna wa matan tukunya da yashi a can? Makarantar na bakin hanya, in suka yi cincin da fanke za su sayar wa masu wucewa.

Mai Cincin: Wa ya ce miki ba su iya ba? Akwai wadda nake sayen ƙosai a wurinta shekara da shekaru a cikinsu, kaskonta ruwa ya tafi da shi. Kasko take nema, ba malama ba.

Amarya: To a saya mata kasko.

Ma'aji: Da wane kuɗi? Baikon makon jiya ko buhun shinkafa bai kai ba, kuma mutum 6 ba su biya na wata ba. Ba zan kira suna ba yau.

Malama: Ni na biya, a duba littafi.

Ma'aji: Ban ce ke ba ce.

Maman Bebi: Ina da kaskon suya da bana amfani da shi, babba ne, hannu ɗaya ya karye amma mai walda zai gyara.

Sista Ladi ta Kwaya: Yi haƙuri na shigo a makare. Masu cewa a sayi burodi a raba, a lura da irin mai kumburin nan da ba nauyi, ka matsa ya koma kamar auduga. Tun zamanin Dora Akunyili hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta hana sa sinadarin bromet a burodi, amma ni ban yarda da kowane gidan burodi ba. Gara wanda ke da lamba a leda.

Maman Bebi: Ba wanda ya ce a sayi burodi, Sista.

Sista Ladi ta Kwaya: An faɗa a taron Talata.

Matar Fasto: Asabar ƙarfe 9 ne ko 10? Baba Fasto yana da ɗaurin aure da 11.

Sakatariya: 9. Mai Keke ya ce zai yi sawu 2.

Mai Cincin: Mai Jego, in har zuciyarki ba za ta kwanta ba, ga abin da za a yi. Juma'a da yamma zan zo da 'yata, mu kafa tukunya a tsakar gidanki. Ke ki zauna a kujera ki auna mana fulawa, ki danna riɗi. Ko cokali ba za ki ɗaga ba bayan wannan.

Anti Nas: Wannan na yarda. A inuwa, ƙafa a kan kujera 'yar tsugunne.

Malama: In za ku can ku biya ta gidan Maman Bebi ku karɓo mini sauran 4.

Mai Jego: Ku yi haƙuri, ta tashi ne sai yanzu na samu ta koma. Na karanta duka. Mama Michika, na ji, zan aiko da zannuwa 2 da kayan jarirai da suka yi mana yawa, a ba mai sati 5 ɗin nan, kada a ce daga wa. Adda, Juma'ar ta yi. Riɗin a soya shi tukuna ko ɗanye ake sawa?

Mai Cincin: Ɗanye. A wanke a tsince tsakuwa a shanya, zai gasu a kai.

Goggo: A soya ya fi ƙamshi.