Maigida ya rasu yana aikin gwamnati: yaya kuka karɓi haƙƙinsa?

Umman Sadiƙu:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na fita takaba. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya rasu saura shekara huɗu ya yi ritaya. Mu biyu ne matansa, 'ya'ya tara. Na je kamfanin fanshonsa da katinsa na aiki da takardar asibiti, a zatona hannu kawai zan sa, tunda sunana ya rubuta a fom a matsayin makusanciyarsa. Yarinyar da ke kan tebur ta yi mini ta'aziyya, ta miƙo mini wata takarda mai jerin abubuwa, ta ce sai na kawo takardar kotu. Na fito na zauna a dakalin ƙofar ofishin, na rasa ta inda zan fara. Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya ya gaya mini yadda ya yi.

Baffan Marayu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Hajiya, ni na bi na yayana, kuma a nan muka fara tuntuɓe. Sunan da aka rubuta a fom na wanda za a nema ne idan wani abu ya faru, ba shi ke mayar da mutum magaji ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce kuɗin da ke asusun mamaci ana ba wa waɗanda wasiyyarsa ta ambata bayan kotu ta tabbatar da ita, ko waɗanda kotu ta ba takardar izinin kula da dukiyarsa. Yawancinmu ba ma barin wasiyya a rubuce, don haka kotu ce hanya. Mun kai takardar asibiti, da shaidar mutuwa ta hukumar ƙidaya ta ƙasa, da wasiƙar wurin aikinsa, da hotunan fasfo, da lambar asusun banki.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne suna. A takardar ɗaukar aiki an rubuta Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad, a banki kuma an saka sunan garinmu a ƙarshe. Harafi biyu suka sa na yi ta safa da marwa tsakanin kotu da ofis, sai da na yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne. Ki baje takardunsa duka a kan tabarma yau, ki duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sannan kada ki manta kuɗin kashi biyu ne. Akwai na asusun fansho, inda ake zuba kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, gwamnati ta ƙara kashi 10. Akwai kuma inshorar rai ta ma'aikata, wadda doka ta ce kada ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara, tunda yana bakin aiki ya rasu. Ta wurin aikinsa ake bin wannan. Mu ba wanda ya gaya mana, wani abokin aikinsa ne ya tsegunta mini a wajen sadakar arba'in.

Inna Mai Ƙosai:
'Yata, Allah ya ba ki haƙuri. Namu tsohon tsari ne. Malam ya yi ritaya a 2003, ya karɓi garatutinsa ya gyara mana gida, ya rasu a 2006. Na ɗauka fanshon zai ci gaba da zuwa muddin ina raye. Ashe shekara biyar ce daga ranar ritaya, ragowar shekara biyun aka ba mu, shi ke nan. Daga nan na kafa kasko a ƙofar gida, da shi na aurar da 'yan mata uku.

Tsohon Akawu:
Abin da Inna ta faɗa haka yake. 'Yan fanshon tarayya da suka rage a wancan tsari yanzu suna hannun PTAD, hukumar da ke biyan fanshon tsohon tsari. Ni kuwa sabon tsari ya same ni a tsakiyar aiki. Obasanjo ya kawo shi a 2004, aka sake dokar a 2014 zamanin Jonathan. Ina so in yi magana da maza masu shirin ritaya, don ranar da za ku sa hannu ita ke yanke abin da iyalinku za su gani.

Bayan an ba ka dunƙulen farko, wato kason da ake ba ka a lokaci guda in ka yi ritaya, zaɓi biyu ake ajiye maka. Ko ka bar kuɗin a kamfanin fansho ana yanko maka wata-wata, in ka mutu ragowar ta zama ta magada. Ko ka miƙa su ga kamfanin inshora ya riƙa biyanka har ƙarshen ranka, da lamunin shekara goma. In ka rasu cikin goman nan, magada su karɓi abin da ya rage na shekarun. In ka haura goma, babu abin da ke saura.

Aminina ya ɗauki na inshora, don na watan ya ɗan fi kauri, kuma yana tsoron kada kuɗinsa su ƙare yana raye. Ba wauta ya yi ba, an biya shi kan kari shekara goma sha biyu. Amma bai taɓa zaunar da matarsa ya yi mata bayani ba. Ni na raka ta ofishin bayan rasuwarsa, ina tsaye aka ce mata babu komai. Ta riƙe jakarta da hannu biyu, ta sake tambaya sau uku. Har yau abin yana ci mini rai. Ni na bar nawa a kamfanin fansho saboda ina da ƙananan yara, kuma a daren da na sa hannu na kira uwargida da babban ɗana na karanta musu takardar.

Malamar Firamare:
A lura, duk wannan na tarayya ne da jihohin da suka bi tsarin PenCom, wato hukumar fansho ta ƙasa, irin su Kaduna. Kano da Jigawa suna da asusun fanshonsu da dokarsu, sojoji ma an fitar da su daga tsarin. Mijina a ƙaramar hukuma yake aiki, a wata jiha da ba zan kama suna ba. Duk wata ana yankar albashinsa, sai bayan ya rasu muka ga watanni da yawa ba a zuba komai a asusunsa ba. Shekara ta uku ke nan ina bi. Mai rai ya nemi takardar bayanin asusunsa ya gwada da takardar albashi, shi ake saurara, ba matarsa ba.

Baffan Marayu:
Hajiya, na manta abu ɗaya. In an ɗauke shi aiki kafin tsakiyar 2004, akwai haƙƙinsa na shekarun baya da gwamnati ke zubawa daban. Shi ya fi jinkiri a namu. Ki tambaya ko ya shiga asusun.

Ɗalibin Zaure:
Allah ya gafarta masa. Umma, ki tafi da abokiyar zamanki tun yanzu. Da mahaifinmu ya rasu, ƙaninsa ya karɓo takardar kotu shi kaɗai, zumunci ya kusa tsinkewa kafin kuɗin su fito. Da suka fito alƙali ya fara cire bashi, sannan ya raba. Ku biyun tumuni za ku raba tunda akwai 'ya'ya, iyayensa in suna raye kowanne sudusi, saura na yara, namiji rabon mata biyu. A sa mutum daga kowane ɗaki a takardar, hankalin kowa zai kwanta.

Umman Sadiƙu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i ni da Yaya, abokiyar zamana, muka buɗe akwatinsa. A 1996 aka ɗauke shi aiki, don haka maganar shekarun baya ta shafe mu. Ranar haihuwarsa ta katin ɗan ƙasa ta saɓa da ta takardar aiki da wata biyu. Maganar inshora kuwa daga bakinku na fara jin ta. Ranar Litinin za mu je wurin aikinsa tare, da babban ɗanta da ƙanin marigayi, daga can mu wuce kotu. Baffa, takardar rantsuwar nan, wa ya kamata ya yi ta a cikinmu?