Lawashina sai kwanciya yake yi, ina kuskuren?

Uwargida daga Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati biyar ke nan da na yanke gindin albasa mai lawashi na dasa a tsofaffin bokitan fenti guda uku a bayan madafi. Da farko ta fito shar, har na tsinka sau biyu na zuba a dambu. Yanzu bakin ganyen ya yi rawaya yana langaɓewa, ga wani farin zane-zane a jikinsa. Safe da yamma nake ba ta ruwa, kashin kajina ma ban hana ta ba.

Dattijo daga Aliero: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kin huda gindin bokitan?

Uwargida: Wallahi ban huda ba, Baba.

Dattijo: To ai shi ke nan. Saiwar albasa gajera ce, iyakarta saman ƙasa. Tana son laima amma ba ta son kwana cikin ruwa. Tuge guda ki shinshina, in saiwar ta yi baƙi tana wari, ta ruɓe. Sa ƙusa a wuta ki huda kowane bokiti wuri biyar ko shida, ki gauraya ƙasar da rairayi. Kafin ki ba ta ruwa tura yatsa, in da danshi ƙyale ta. Shi kuwa ɗanyen kashin kaji wuta ne, ƙona ta yake. Mu a fadama sai taki ya kwanta ya huce muke kai shi gona.

Wata daga Jega: Yaya, farin zanen nan ba na ruwa ba ne. Buɗe tsakanin ganyen daga ƙasa, za ki ga wasu ƙwari ƙanana kamar ƙaiƙayi suna gudu, su ke tsotse shi, kuma zafi na ƙara su. Ni ganyen dogon yaro nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace in fesa da yamma. Ki wanke sosai kafin ki ci dai, akwai ɗaci.

Wani daga Argungu: Hajiya, gindin da aka yanka ba ya daɗewa, bayan 'yan tsinka ganyen zai sirance. Ki sayi iri ki yafa farkon hunturu, bayan kamar sati shida ki yi dashe.

Uwargida: Baba, na tuge ɗaya, warin har maƙogwaro. Bokiti biyu sun tafi. Na ukun saiwarsa fara ce tas, ga ƙusa can a kan murhu.