Neman shawara: hoton ɗan dambe ya haɗa ni da yayan matata

Mai Gidan Kallo: Assalamu alaikum. A yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ina da gidan kallo a Anguwar Rogo, nan Jos. Da na buɗe shi benci huɗu ne da talabijin guda, kwanon ma yoyo yake, in ruwan Agusta ya sauko sai mu jera bokitai tsakanin 'yan kallo. Yayan matata ne ya cika min kuɗin janareto. Ba rance ba ne, ba kuma kyauta ba, mun dai fahimci juna. Bana na yi fenti, na sa a zana min Pacquiao a bangon gaba, har na ba mai zane kafin alƙalami. Yaya ya zo ya tarar an fitar da kai da kafaɗa, ya ce a goge a sa Mayweather. Na ce Yaya, mutumin da ya ci kambun duniya a ajin nauyi 8 fa, ba wanda ya taɓa yi. Ya ce ai wanda ya doke shi a 2015 yana nan, wasa 50 ba a taɓa cin sa ba. Magana ta yi tsawo a gaban yara, na faɗi wata kalma. Yanzu ba ya ɗaga wayata, uwargida kuma sai dai ta ajiye min tuwo ta juya. Me zan yi?

Maman Khalifa: Wace kalma ka faɗa masa?

Tsohon Koci: Ƙanena, da kai da yayanku duk kun yi kuskure, amma naka ya fi. Wannan "aji 8" da ake ta yi mana waƙa, a zauna a ƙirga. A da aji 8 ne kacal a damben duniya, kowanne da zakara ɗaya. Yanzu an yanka su sun kai 17, ga ƙungiyoyi huɗu, WBA, WBC, IBF da WBO, kowacce da bel ɗinta. Ka ƙara kilo biyu ka shiga sabon aji, ka zaɓi zakaran da ya fi laushi. Biyu daga cikin takwas ɗin Pacquiao ma ba bel ɗin waɗannan huɗun ba ne. Na ƙarshen, da Margarito a 2010, bel ne da ba kowa a kai, kuma sai da aka yi yarjejeniyar rage nauyi. Henry Armstrong a 1938 ya riƙe kambu uku lokaci guda, lokacin da takwas ne duka. Wannan shi ne namiji.

Mai Gidan Kallo: Baba Koci, da girmanka, amma ka kalli wasan Margarito kuwa? Ya fi shi tsawo, ya fi shi jiki nesa ba kusa ba, amma Pacquiao ya fasa masa ƙashin ido. Wanda ya faro cin kambu daga ajin kilo 51 ya kai ajin kusan 70 yana dukan manya, ba za a ce laushi ya zaɓa ba. A 2015 ma da ciwon kafaɗa ya shiga wasan Mayweather, bayan wasan aka yi masa tiyata.

Ɗan Farin Gada: Ka je ka ba shi haƙuri kawai. Bango ne fa. Ni surukina da ya taimaka min da kuɗin Keke, shekara huɗu duk taron suna sai ya faɗa, har na biya shi bai daina ba. Ranar da na mayar masa da magana sai da matata ta yi wata biyu a gidansu. Kuɗin dangin mata ƙaya ne.

Tsohon Koci: Haƙurin me? A fara gyara ilimi tukuna. Hagler ya zauna a aji ɗaya daga 1980 zuwa 1987, ya kare kambunsa sau 12, duk wanda ya zo ya same shi a gida. Canelo ya tara aji huɗu, ya haura wajen Bivol a 2022 ya sha kashi. In kuna son mai hawa aji na gaskiya, ga namu ɗan Najeriya Dick Tiger: ya karɓe kambu hannun Fullmer a 1962, ya kare shi a Ibadan a 1963, ya haura ya doke Torres a 1966. Shi za ka zana, kowa ya huta.

Bahago Dei-Dei: Ku da kilo-kilonku. A gidan dambe wa ya taɓa ɗora Shago kan sikeli? In ka isa ka ɗaura zare ka fito.

Abu Sumayya: Kada ka goge komai. Gidanka ne. Ka nemo kuɗin janareton ka kai masa gaban shaidu, in ba haka ba gobe shi zai zaɓa maka wasan da za ka nuna.

Ɗan Farin Gada: Ya mayar da kuɗi yanzu? Ai yanke zumunci ke nan.

Maman Khalifa: Har yanzu ba ka faɗi kalmar ba. Matarka ba don Pacquiao take fushi ba.

Mai Gidan Kallo: Hajiya, ba zagi ba ne, kan gudun da ake cewa Mayweather yana yi a wasa ne. Na ce masu son Mayweather duk halinsu ɗaya, shi kuma ya ɗauka da wata tsohuwar magana nake. Ni ban ambaci komai ba. Dick Tiger kuma yaran unguwa ba su san shi ba, Baba. Mai zane ya kira ni sau biyu yau, wai fentinsa zai bushe.

Tsohon Koci: To shi ya sa za ka zana shi, su san shi. Crawford ma da ya doke Canelo a 2025, wa ya san shi a Jos kafin nan?

Maman Khalifa: Wace tsohuwar magana?